Kofin da Bai Kunna Fitila Ba

 Na ji an ba ki 'yan aji biyu na babbar sakandare ki koyar da su kemistiri, na kuma ji ɗakin gwaje-gwajen makarantar taku babu komai a ciki sai kwalabe wofi da ƙura. Kada wannan ya sare miki gwiwa. Akwai darussan da ba sa yiwuwa sai da kayan aiki masu tsada, amma darasin yadda lantarki ke bi ta cikin ruwa ba ya cikinsu. Rabin kayansa suna kicin ɗin gidanku, sauran rabin suna kan teburin mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Sai dai gwaji ne mai saurin burge yara, kuma abin da ya burge su ba lalle ne ya koya musu wani abu ba. A nan nake so in ja kunnenki.

Ki nemi batir mai bolt 9, irin mai kusurwa huɗun nan da ake sa wa makirfo. Ki nemi ƙaramin ƙwan LED ja, ko ki ciro ɗaya daga matacciyar tocila, da rizisto mai om 470 don kada ƙwan ya ƙone, da guntayen waya. Abin da za ki riƙa tsomawa cikin ruwa kuwa, fensir biyu sun isa. Ki feƙe kowanne kai da gindi, domin baƙin abin da ke cikinsa yana ɗaukar wuta. Ki ɗaure su da roba a jikin rula, tsakaninsu kamar santimita 2, kada tazarar ta canza har a gama. Doguwar ƙafar ƙwan ita ke kallon ɓangaren batir mai alamar tarawa. In kika juya ta ba zai kama ba, sai ki yi ta zargin batir a banza. Kafin komai, ki haɗa bakin fensiran biyu da cokali a gaban aji, kowa ya ga ja ya bayyana. Ba a fara gwaji da kayan da ba a tabbatar da lafiyarsu ba.

Kada ki fara da ruwan gishiri. Yawancin malamai da shi suke farawa don shi ne mai haske, yara su yi shewa, shi ke nan darasi ya mutu tun bai tashi ba. Ki fara da busasshen gishiri a murfin kwalba. Ki tambaye su: zai kama ko ba zai kama ba? A ɗaga hannu, ki ƙirga, ki rubuta adadin a allo inda ba wanda zai musa daga baya. Yaron da ya ɗaga hannu ya shiga cikin maganar, ba zai ɗauke ido ba sai ya ga ko shi ke da gaskiya. Ki soka fensiran cikin gishirin. Ba komai. Ki yi haka da busasshen sukari. Ba komai. Sannan ki kawo ruwa zalla.

To, a nan tarkon yake, kuma a nan na ga malamai masu ilimi sun ji kunya a gaban aji. Littattafan da muka yi karatu da su an rubuta su ne lokacin ƙwan tocila mai zare, wanda ba ya kamawa sai da wuta mai yawa. Ƙwan LED ba haka yake ba. Wuta 'yar ƙanƙanuwa ta ishe shi ya yi ja, don haka ruwan rijiya zai kunna shi, ruwan burtsatse zai kunna shi, har ruwan leda ma yakan sa shi ya ɗan yi ja, saboda dukansu sun ɗebo ma'adinai daga ƙasar da suka ratso. In kika jiƙa sukari da irin wannan ruwa, ƙwan zai kama, ke kuma kin riga kin gaya wa yara cewa sukari ba ya ɗaukar wuta. Me za ki ce musu? Abin da kike bukata shi ne ruwan tururi, wanda aka tafasa aka tara gumin da ya sauko. Masu sayar da batirin mota suna da shi a kwalba don ƙarin ruwan batir, amma ki tabbata ba asid aka miƙo miki ba, ki karanta jikin kwalbar da idonki. Kina iya tara naki daga murfin tukunya mai tsabta. Ruwan saman tsakiyar damina da aka tara a roba a fili, nesa da indararo, shi ma ya yi kusa. Kuma ki bar tagogi a buɗe, hasken rana zai ɓoye ɗan jan da bai kai a kula da shi ba.

Ba wasa ba ne samun ruwa mai tsabta irin wannan. Wani masani Bajamushe, Friedrich Kohlrausch, sai da ya yi ta maimaita tafasa ruwa da tara tururinsa sau gommai kafin ya iya auna ainihin wutar da ruwa zalla ke ɗauka, a shekarar 1894. Abin da aka sani yanzu shi ne ruwan teku ya fi ruwa zalla ɗaukar wuta kusan sau miliyan ɗaya. Ki faɗa wa yaran wannan adadi, yana tsayawa a ka.

Yanzu ki zuba ruwan tururin a kofi biyu, daidai wa daida. Ki tsoma fensiran a na farko, ƙwan yana nan a mace. Ki bar su a ciki, ki kira yarinya ɗaya ta ɗebi gishiri da yatsu biyu, kamar yadda take yi wa miya, ta barbaɗa. Kada ki yi magana. Gishirin zai sauka ƙasa, ja ya fara tasowa a hankali, in ta juya da tsinke sai ya cika ƙwan. Busasshen gishiri bai kunna ba, ruwa bai kunna ba, amma da suka haɗu sun kunna. Ki bar wannan ya dame su kaɗan.

Ki ɗauraye fensiran, ki koma kofi na biyu. Duk ajin zai rantse cewa sukari ma haka zai yi, tunda fari ne kamar gishiri, yana narkewa kamar gishiri. Cokali ɗaya, a juya, ya ɓace. Duhu. Za su ce bai isa ba, a ƙara. Ki ƙara musu, cokali biyu, uku, har ruwan ya yi kauri. Duhu dai. Wani zai ce batir ne ya mutu, sai ki mayar da fensiran kofin gishiri ya gani. Wannan kofi na sukari shi ne darasinki, 'yata. Na gishiri ya nuna musu abin mamaki ne kawai, na sukari kuwa shi zai tilasta musu tambayar da kike so su yi: in duka biyun sun narke, me ya raba su? Kada ki yi gaggawar amsawa. Minti biyar na gardama a tsakaninsu ya fi shafi biyu na kwafe daga allo.

In sun gaji, sai ki ba su bayani. Gishiri haɗin sodiyam ne da kulorin, kowanne ɗauke da caji, ɗaya mai alamar tarawa, ɗaya mai alamar ɗebewa, su ne ake kira ayon. A busasshen gishiri suna nan da cajinsu, amma a daskare suke kamar ɗalibai a layin asambuli, kowa ya tsaya inda aka ajiye shi. Ruwa ne ke kaɗa musu ƙararrawa su watse, kuma da zarar sun sami damar motsi, masu tarawa su nufi fensir ɗaya, masu ɗebewa su nufi ɗayan. Wannan tafiya tasu ita ce wutar da ke ratsa ruwan. Sukari kuwa yana watsewa cikin ruwa, amma kowace ƙwayarsa tana nan a dunƙule, ba ta da caji, batir bai da abin da zai ja. In wani mai kaifin kai ya tambaye ki ko dole sai da ruwa, ki ce a'a: gishirin da aka narkar da zafi ma yana ɗaukar wuta, sai dai ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 801, abin da murhun gida ba zai iya ba.

Akwai kuskure guda da yara ke ɗauka daga wannan darasi su tafi da shi har jami'a. Suna zaton ilektiron ne ke fitowa daga waya ya yi iyo cikin ruwa ya shiga ɗaya wayar. Ba haka ba ne. A cikin waya da fensir ilektiron ke tafiya, a cikin ruwa ayon ke tafiya, a bakin fensir kuma ake yin musayar. Ki sa su matso su duba bakin fensiran a kofin gishiri. Za su ga ƙananan kumfa suna fitowa a jikin wanda ke haɗe da ɓangaren ɗebewa, iskar haidurojin ke nan. A ɗayan kuma, in gishirin ya yi yawa, za a ji ɗan wari irin na maganin wanke farin kaya, kulorin ke nan. Waya ba ta canzawa don wuta ta bi ta cikinta, ruwan gishiri kuwa yana canzawa. Saboda haka kada ki bar fensiran su daɗe a ciki, kuma duk abin da aka yi gwaji da shi ba mai kai shi baki.

Ki ba su labarin Svante Arrhenius, ba zai ci miki minti uku ba. Ɗan ƙasar Suwidin ne, yana da shekara 25 ya kai wa malamansa na jami'ar Uppsala kundin digirinsa na dakta a 1884, a kan yadda ruwan gishiri da makamantansa ke ɗaukar wuta. Daga nan ya gina ra'ayin cewa gishiri yana rabuwa zuwa ayon tun da ya narke, ba sai an sa masa batir ba. Malaman ba su gamsu ba, suka ba shi maki na ƙasa-ƙasa, da kyar ya tsallake. A 1903 aka ba shi kyautar Nobel a kan wannan aiki. Yaran da suka ɗaga hannu suka faɗi ɗazu za su ji sanyi a ransu in sun san manyan farfesoshi ma sun taɓa faɗuwa a wannan tambaya.

Daga nan sai ki buɗe musu kicin gaba ɗaya. Jiƙaƙƙiyar kanwa, irin wadda ake kawowa daga yankin tafkin Chadi da ƙasar Manga, za ta kunna ƙwan tar, domin yawancinta sodiyam kabonet ne da baikabonet. Ruwan toka ma haka, dunƙulen ɗanɗanon miya ma haka, tunda gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. Man gyaɗa da manja ba za su motsa shi ba ko kaɗan, sai dai ki bar su a ƙarshe don suna ɓata bakin fensir. Ruwan lemon tsami da na tsamiya da zoɓo marar sukari za su kama, binega kuma za ta kama amma ba kamar gishiri ba, duk da tsaminta. Dalili shi ne asid ɗin da ke cikinta rarrauna ne, a cikin kowace ƙwaya ɗari ko ɗaya ba ta kai ga rabuwa ba. Ido ba ya iya raba haske da haske in sun yi kusa, don haka in kina da halin aron mita daga mai gyaran waya, ki sa ta a layin, yara su rubuta lambobi. Ƙuli-ƙuli a bushe ba zai kama ba, a daka shi a jiƙa sai ya kama. Nono zai kama. Ki gaya wa 'ya'yan makiyaya da ke ajin cewa a manyan gidajen gonar madara da wannan awo ake gane saniyar da hantsarta ta kamu da ciwo, saboda gishirin nononta yana ƙaruwa tun kafin ido ya ga alama.

Sharaɗi guda: kofi iri ɗaya, ruwa daidai, zurfin tsomawa daidai, a ɗauraye fensir tsakanin kofi da kofi. Kada ki gwada wani da zafi wani da sanyi, domin kowane digiri ɗaya na zafi yana ƙara ɗaukar wuta da kusan kashi 2 cikin 100. In sakamako ya zo saɓanin abin da kika zata, kada ki ɓoye, kada ki ce kayan aiki ne ba su da kyau ki wuce. Ki tsaya ku nemi dalili tare. Sau da yawa za ku tarar wani ya juya kofin sukari da cokalin gishiri.

Za su tambaye ki batirin lemo, don sun gani a waya. Ki yi musu, amma wata rana dabam, kada darussa biyu su cuɗe. A gwajinmu na farko batir ne ke ba da wuta, abinci hanya ce kawai. A na biyu kuwa ana soka ƙusar rufin kwano mai rufin tutiya da guntun jan ƙarfe a jikin lemon tsami ko dankalin turawa, sai mita ta nuna kusan bolt 0.9. Sai an jera uku ko huɗu kafin jan ƙwan ya ɗan kama. Yara za su ce wutar daga lemon take. Ba daga shi take ba, tutiyar ce ke cinyewa a hankali tana sakin ilektiron, lemon dai ya ba ayon hanyar wucewa. Haka Alessandro Volta na Italiya ya yi batirin farko a 1800, da faifan tutiya da na jan ƙarfe, tsakaninsu kwali jiƙe da ruwan gishiri. A 2010 masu bincike a Jami'ar Ibraniyawa da ke Ƙudus sun nuna cewa dankalin da aka tafasa minti 8 yana ba da ƙarfi kusan ninki goma na ɗanye, saboda dahuwa tana fasa bangon ƙwayoyin cikinsa, ayon su sami hanya. Wannan kuna iya gwadawa da kanku. Amma bidiyon da ake cajin waya da lemo ɗaya ko albasa, ki gaya musu ƙarya ce, ki sa su auna su gani.

Akwai wani gwaji da nake roƙonki don Allah kada ki yi. A Amurka ya shahara: a ɗauki kokwambar da aka tsuma cikin ruwan gishiri da binega, a soka mata ƙusa a kowane gefe, a jona da wutar soket. Sai ta fara huci da wari, gefe ɗaya ya kama walƙiya ruwan ɗorawa. Har wasu injiniyoyin tsohon kamfanin kwamfuta na Digital Equipment da suka yi aiki a Palo Alto a Kalifoniya suka rubuta rahoto a kansa a watan Afrilun 1989, rabi wasa rabi gaske. Yana da kyan kallo, ba na musu. Amma wutar gidajensu bolt 120 ce, tamu 230 ce, kuma ƙusoshin nan tsirara suke. Ko ke kin kiyaye, a cikin yara sittin ba za a rasa wanda zai je gida ya gwada da gurji da wayar rediyo ba, a ɗakin da ƙannensa ke rarrafe. In launin kike so su gani, na sodiyam ne, kuma ana samunsa ba tare da soket ba. Ki barbaɗa gishiri a harshen wutar gas, shuɗin zai koma ruwan ɗorawa nan take. Duk yarinyar da miya ta taɓa tafasowa ta zubo mata a kan murhun gas ta riga ta ga wannan launi, ba a dai gaya mata sunansa ba.

Maimakon haka, ki juya maganar zuwa jikinsu. Jini da gumi ruwan gishiri ne, jijiyoyi da zuciya kuma da ayon na sodiyam da fotasiyam suke aika saƙo. Busasshiyar fata tana iya tare wuta da ƙarfin da ya kai om 100,000, jiƙaƙƙiya kuwa tana iya sauka zuwa om 1,000. Ki sa su raba 230 da 1,000 da kansu, su sami miliamfiya 230, sannan ki gaya musu cewa na'urar kariya da ake sa wa gidaje tana yanke wuta ne tun a miliamfiya 30. Yaron da ya yi wannan lissafi da hannunsa zai yi tunani kafin ya tsoma yatsa a bokitin da hita ke ciki. Ki kuma tuna musu ruwan gishiri da sukari da ake ba mai gudawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Abin da jiki ya zubar ayon ne da ruwa. Sukarin nan da ya ƙi kunna mana ƙwai, shi ne ke taimaka wa hanji ya ja sodiyam ciki, ruwa ya bi bayansa.

Wata 'yar magana kuma, ba ta kemistiri ba. Abinci ba abin wasa ba ne a wurinmu, kuma a ajinki akwai wanda ya zo bai karya ba. Kada ki cika tebur da lemo da dankali ki zubar a gabansu. Murfin kwalba guda na kowane abu ya isa, lemon tsami ɗaya ana yanka shi huɗu. Kada ki ce kowa ya zo da kaza daga gida, akwai gidan da cokalin sukari lissafi ne. Ki kawo da kanki, ko ki nemi shugaban makaranta ya ba da ɗan abin da za a saya. In 'yan mata sun noƙe a baya, ki ba su aikin awo da haɗawa. Da yawansu sun san kanwa da tsamiya fiye da ke da ni.

Abin da za ki iya cewa su kawo ba tare da nauyi ba shi ne ruwa. Kowa ya ɗebo kaɗan a kwalba daga inda gidansu ke sha, rijiya ko famfo ko burtsatse ko rafi, a rubuta sunan unguwa a jiki, a auna, a jera daga mai ƙarancin ɗaukar wuta zuwa mai yawa. Za su gane dalilin da ya sa ruwan wata rijiya yake da zartsi kuma sabulu ba ya kumfa a cikinsa. Sai dai ki tare su kafin su yanke hukunci a kan rijiyar maƙwabta. Ƙwan yana nuna ma'adinan da suka narke ne kawai, ba ya ganin ƙwayoyin cuta. Ruwan da ya kunna shi sosai yana iya zama lafiyayye, wanda bai kunna shi ba kuma yana iya ɗauke da kwalara. Ki sa su rubuta wannan a littafinsu da jan biro, a ƙarƙashin jadawalin awon.